Kafaɗar Munkaila Gola

A kan katanga Munkaila ya koyi cafe abu, tun kafin ya taɓa ƙwallo. Mutumin Dogarawa ne, ubansa magini, kuma tun gemu bai tsiro masa ba ake ɗora shi saman gini, ya zauna kamar mai hawan jaki, ana jefo masa tubali daga ƙasa yana cafewa yana jerawa. Tubalin laka ba ya son garaje. In ka tare shi da ƙarfi ya fashe maka a hannu, in ka yi sanyi ya suɓuce ya faɗa kan wanda ya jefo. Da wannan hannun ya zo Ƙonni neman aikin gini a farkon shekarun tamanin, ya kama ɗaki a unguwarmu.

Ni sunana Ayuba. A lokacin ina buga baya a ƙungiyar samariya, wato ta matasan unguwa, kuma ba mu da mai tsaron gida na kirki. Wata rana da la'asar muna wasa, ƙwallo ta tashi sama ta nufi wani gini da ake yi a bakin fili. Sai muka ga wani dogon saurayi a kan katanga ya miƙa hannu ɗaya ya ɗauke ta, ko juyowa sosai bai yi ba, ya jefo mana ya ci gaba da aikinsa. Muka bar wasan muka taru a gindin katangar muna jiran ya sauko. Kafin mako ya zagayo ya zama golanmu. 'Yan lakwal, wato makarantar boko, suna cewa gardiyan, amma mu da muke jin wasa a rediyon Najeriya gola muke cewa, sunan kuma ya bi shi.

Mun yi shekaru muna wasa tare. Mun je Malbaza, mun je Illela, mun je Madawa a bayan motar albasa. Ni da nake gabansa ban cika waiwaye ba, don na san yana nan. Ba shi da surutu, ba ya zagin kowa in an yi kuskure. Abin da kawai muka lura shi ne ranar wasa ba ya cin abinci. Matarsa Hawa'u za ta dama masa fura, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Muna yi masa tsiya muna cewa azumin gola ne, shi kuma ya yi murmushi kawai.

A shekarar tamanin da bakwai, a filin Malbaza, aka bugo mana kwana. Munkaila ya tashi sama ya kama, wani ya shiga ƙarƙashinsa ba da gangan ba, ya juye ya sauko a kan kafaɗar dama. Filin nan jar ƙasa ce mai tauri, ga tsakuwa. Da muka ɗaga shi, hannun yana lilo kamar ba nasa ba. Aka kai shi wurin maɗori a garinsu, aka mayar, aka ɗaure, ya warke. Sai dai kafaɗar ta riga ta koyi hanya. Da ya ɗaga hannu da sauri, ko ya faɗi a kanta, sai ta goce. Ya gwada komawa gola, ta goce a wasan farko. Ya huta wata da watanni ya sake gwadawa, ta sake gocewa, wannan karon wurin jifa kawai. Daga nan ya ninke baƙar rigarsa mai dogon hannu ya miƙa wa wanda ya gaje shi. Ko a wurin gini sai da ya sauko daga katanga, ya koma aza harsashi da yaɓe.

Abin ya taɓa shi ƙwarai, ko da yake bai ce da kowa komai ba. Ya daina bin hanyar da ta ratsa ta babban fili, alhali ita ce ta kusa da gidansa. In mun taru wurin mai shayi ana hirar wasa, sai ya tuna da wani aiki ya tashi. La'asar ce ta fi yi masa nauyi. Ya dawo daga gini, ya yi wanka, ya yi salla, sai ya zauna a tsakar gida yana jin ihun 'yan kallo daga nesa, yana gyaran abin da bai lalace ba. Hawa'u ta yi haƙuri har ta gaji.

"Malam, tashi ka hita," in ji ta wata rana. "Kana zaune kana kallon tukunya kamar kai za ka dahwa. Tahi ka sha iska, ko kasuwa ko bakin hanya, ka bar ni in yi aikina."

Ya fita. Don kada ya bi ta babban fili, sai ya zagaya ta bayan lakwal, inda ya tarar da ƙananan yara suna buga ƙwallo, sun kafa duwatsu a matsayin gola. Kowa ya san al'adar yara: wanda bai iya komai ba shi ake turawa gola. Wanda aka tura rannan wani ɗan siririn yaro ne mai manyan kunnuwa, bai wuce shekara goma sha ɗaya ba. Duk lokacin da aka bugo, sai ya runtse ido ya juya baya, ƙwallo ta wuce, 'yan uwansa su yi masa ca. Munkaila ya tsaya a gindin bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro, da niyyar kallo kaɗan ya wuce. Da aka ci yaron karo na ba-adadi, ya ga yana share hawaye da gefen riga, sai ya kasa daurewa.

"Kai, yaro, zo nan. Mi sunanka?"

"Tanimun."

"Ɗan wa?"

"Ɗan Malam Labo mai shanu."

"To Tanimun, ƙwallon ga cizo takai?"

Yaron ya girgiza kai.

"To don mi kake ba ta baya? In ka juya, ita tana ganinka, kai ba ka ganinta. Buɗe ido. Ko za ta buge ka, bari ta buge ka kana kallonta. Hannu nan, gaban ƙirji, kamar za a miƙo maka ƙwarya."

Tanimun ya koma. Bugun da ya biyo baya ya same shi a ƙirji, ƙwallon ta faɗi gabansa, ya kife a kanta. Ba wani kamu ne na a zo a gani ba, amma yaran suka fashe da ihu. Shi kuwa Tanimun da ya tashi, gindin bedi ya duba. Munkaila ya gaya mini daga baya cewa rannan da ya koma gida sai da ya nemi ƙarin tuwo.

Washegari da ya taso daga aiki, ya tarar da Tanimun da wasu yara biyu a tsugune a ƙofar gidansa. Haka aka fara, ba tsari, a bakin lungu. Labari ya kai kunnen Mushe Alhasan, malamin da ke kula da wasanni a lakwal ɗin, ya hau kekensa ya zo har gida. Mushe, daga Faransanci, haka muke kiran malamin lakwal. Ya ce yana son Munkaila ya riƙa zuwa bayan lakwal yana koya wa masu tsaron gida, don shi abin da ya sani gudu ne da tsalle, bai taɓa tsayawa gola ba.

"Mushe, ni ban yi lakwal ba," in ji Munkaila. "Kuma hannun ga ya mutu ga wasa. Wanda ba ya iya hwaɗuwa, ƙaƙa za shi koya ma wani hwaɗuwa?"

Mushe Alhasan ya yi dariya. "Ni da nike koya masu labarin teku, an gaya maka na taɓa ganin teku? Zo dai mu gwada."

Munkaila ya zo wurina ya ce in raka shi, in riƙa buga wa yaran yana yi musu bayani. Ranar farko ba ta yi kyau ba. Mutumin da ba ya magana, da ya ga yara a jere suna kallonsa, sai ya rikice ya kama surutu. Ya yi bayanin tsayuwa, ya yi na hannu, ya koma na tsayuwa, har yara suka fara zane a ƙasa da yatsun ƙafa. Da ya ga hankalinsu ya tafi, ya ce mini in buga masa ɗaya gefe, ya nuna musu. Ni ma ban yi tunani ba, na buga dama. Jikinsa ya tuna abin da ya saba, ya tashi kamar dā, ya kama ƙwallon cif, ya sauka a kan kafaɗar. Na ji ƙarar daga inda nake.

Yaran da suka ga hannu ya sauko inda bai kamata ba, suka yi kururuwa suka watse, har da masu barin takalma. Na riga na sha ganin yadda ake mayar masa. Ya kwanta, na sa ƙafata a hammatarsa na ja a hankali har ta koma. Ya tashi zaune gumi yana zuba, ya dubi filin ba kowa.

"Shi ke nan, Ayuba," ya ce. "Na kore su. Gobe duk garin ga za a ce Munkaila ya zo karya ɗiyan mutane."

Da ranar komawa ta zo, ya ce ba inda za shi. Sai da na zauna masa a ƙofar gida, Hawa'u kuma daga ciki tana cewa in bai fita ba za ta fara shara ta inda yake zaune. Muka tafi yana jan ƙafa, hannu a rataye cikin rawani. Muna karya kwanar lakwal muka tsaya. Yara sun ninka na rannan. Gaskiya wasunsu sun zo ne ganin mutumin da hannunsa ke cirewa a mayar, suna fatan a sake. Amma waɗanda suka gudu duk sun dawo, Tanimun a gaba. Ya matso yana murza gefen wandonsa.

"Baba, kar ka ƙara," ya ce. "Kai dai ka hwaɗa, mu mu hwaɗi."

Munkaila ya dube shi, ya dube ni, sai ya zauna a ƙasa daɓas yana dariya har da hawaye. Rabon da in ji ya yi irin wannan dariyar tun kafin Malbaza.

Daga rannan ya daina dogon bayani, ya koma ga abin da hannunsa ya sani. Abin da ya fara yi shi ne gyaran wurin faɗuwa, don ya ce ba zai bar ɗan kowa ya sauka a kan irin ƙasar da ta ɓata masa kafaɗa ba. Ya nemi izinin direktan lakwal, ya haƙa rami mai faɗi marar zurfi, ya ari amalanken jaki, muka yi ta jido yashi daga busasshen rafi har ramin ya cika. A nan yaro zai fara faɗuwa daga durƙushe, sai ya saba ya koma daga tsugune, sannan daga tsaye. Wanda ya yi gaggawa a mayar da shi durƙushe. Ƙwallon fata guda ce tak a lakwal ɗin, ita ma duk faci, don haka ya riƙa zuwa da curin ɗanyar laka daga wurin gini. Ya jefa wa yaro. In ya tare da ƙarfi lakar ta fantsama masa a fuska, 'yan uwa su yi dariya. In ya karɓa da laushi yana ja zuwa ƙirji, curin ya tsaya lafiya. Ba a daɗe ba hannayensu suka gane. Iyaye mata ne suka fi jin jiki, don kullum riguna laka da yashi, har wata ta aiko a gaya masa in dai shi ne zai riƙa wankin to ya ci gaba.

Yaran suka fara kiransa mushe. Ya hana har ya gaji ya bari.

Wata rana muna dawowa daga wani ɗan wasa da yaran suka yi da lakwal ɗin wata unguwa, ya ce mini, "Ka san wani abu, Ayuba? Yau da rana na ci shinkahwa da wake, na cika cikina."

Na ce to sai me?

"Shekarun nan duka da kuka cewa azumin gola, tsoro na. Tun asuba ba ni iya cin komi. Kowa ya yi kuskure akwai wani bayanai, ni ba kowa bayana. Ina son wasan, amma ban taɓa shiga hili da daɗin rai ba. Da hannun ga yal lalace na aza na rasa komi. Yanzu ga ni bakin hili, ina cikin abin, kuma ina numhwashi."

Shekara nawa ina gabansa ban sani ba.

Tanimun ya fi kowa ci gaba. Bai ƙara tsawo sosai ba, amma tsoron ya bar shi gaba ɗaya. Saboda ƙanƙantarsa, Munkaila ya koya masa fita ya tari mai kawo hari, ya faɗa a ƙafafunsa ya ɗauke ƙwallo kafin a buga. Haka shi ma yake yi a zamaninsa, kai a gaba, kuma 'yan kallo suna so.

Bayan girbin shekara ta gaba, Mushe Alhasan ya shirya wasan zumunci da 'yan lakwal ɗin Badagishiri. Aka sa ranar kasuwar garin, don ranar ce mota ke samuwa. Filinsu yana kusa da fadama, kana tsaye kana hango lambunan albasa shar. Suna da wani mai kai hari da aka ce ɗan lakwal ne, amma gashin baki ya fara yi masa layi. Bayan an dawo daga hutu ya kuɓuce wa 'yan bayanmu, ya taho shi kaɗai. Tanimun ya fito kamar yadda aka koya masa, ya faɗa a ƙafafunsa. Gwiwar yaron ta same shi a gefen kai. Babban ya tuntsura gaba ya tashi. Tanimun bai tashi ba. Yana kwance, ƙwallo a ƙarƙashin hannunsa, ko motsi.

Ban taɓa ganin Munkaila ya yi gudu irin na rannan ba. Ya durƙusa yana kiran sunansa, shiru. Aka kawo ruwa aka shafa masa, shiru. Ya sa hannu zai ɗauke shi, kafaɗar ta hana, ni na saɓe shi. Allah ya sa gidan likita ba nisa. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya sa aka kwantar da shi, ya ɗaga fatar idonsa ya haska tocila, ya ce mu fita waje mu ba shi wuri.

Muka zauna a baranda. Munkaila ya sa hannaye tsakanin gwiwoyi yana kallon ƙasa, bakinsa yana motsi. Da na matsa na ji abin da yake maimaitawa: "Ni na koya mashi. Ni na ce shi shiga da kai." Ana cikin haka wani yaro ya ce ai ya ga Malam Labo da safe a kara, wurin cinikin shanu. Mushe Alhasan ya tashi ya tafi kiransa. Munkaila ya bi shi da ido. Bai taɓa haɗuwa da uban ba. Abin da ya sani kawai, an gaya masa ya taɓa cewa ƙwallo wasan marasa aiki ne, bai hana ba, bai kuma ce ya yarda ba.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Can sai muka ji kakarin amai daga ciki, sannan wata 'yar murya tana kuka tana kiran inna. Munkaila ya miƙe tsaye ya nufi ƙofar. Majo ya leƙo yana goge hannu.

"Ya hwalka," ya ce. "Ya san sunanai, ya san na ubanai, ya san garin da yake. Har ya ce yunwa yaka ji. Za ni riƙe shi nan zuwa gobe in gani. Amma ba wasa sai na ce."

Munkaila ya jingina goshinsa da bango. Na bar shi, na je na gaya wa sauran yaran da suka taru a bakin ƙofa, suka yi ta tsalle har majo ya fito ya kore su.

Sai ga Malam Labo da Mushe Alhasan. Malam Labo dogo ne baƙi, sanda a hannu, takalmansa duk kashin shanu. Bai kalli kowa ba ya shige ciki. Ya jima, sannan ya fito. Munkaila ya tsuguna a gabansa.

"Malam, ni na jawo. Abin da duk kac ce, daidai na."

Malam Labo ya dube shi daga sama har ƙasa. "Kai na Munkailan?"

"Ni na."

"Tashi." Ya jira har ya tashi. "Yaron ga, da can in akuya ta yi atishawa sai shi ruga bayan uwatai. Bana bajimi ya tsinke igiya cikin gida, mata na ta kuwwa, shi yat tare ƙohwa. Na yi ta mamakin inda yas samo zuciya, sai uwatai tac ce mini wurinka na." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ban hana shi ba, kuma ba ni hana shi. Ni ma saniya ta taɓa sumar da ni, ban bar kiwo ba. Amma mu in za mu koya ma yaro kada maraƙi, abin da muka hwara nuna mashi shi na inda za shi aje kainai. Kai ka koya mashi shiga, ba ka koya mashi ɓoye kai ba. Gyara wannan."

Munkaila ya ce masa gaskiya, shi ma bai sani ba. Ba wanda ya taɓa koya masa. Da kai yake shiga duk zamaninsa, Allah ne kawai ya tsare.

"To tambayo," in ji Malam Labo. Ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya koma wurin ɗansa.

Muka hau motar dawowa. Da muka kusa Ƙonni Munkaila ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi," ya sake cewa, ya sake.

Tanimun ya dawo gida washegari tare da ubansa, kumburi kawai a gefen kai. Munkaila kuwa ya hana duk yaransa faɗawa ƙafar mutum har sai ya samo yadda ake yi. Mushe Alhasan ya yi ta zirga-zirga a ofishin matasa da wasanni har aka sa Munkaila cikin wani ɗan gajeren horo da za a yi wa masu koyar da ƙwallo a Tawa. Sai kuma sabon tsoro ya kama shi. Ba ya jin Faransanci. Kuma ya tabbata za a jera su a ce kowa ya nuna faɗuwa, ya ji kunya a gaban mutanen da suka zo daga ko'ina. Har tasha na raka shi don kada ya juya.

Da ya dawo ya ba mu labari. Ya ce da aka ware masu sha'awar gola aka ce su je wurin malaminsu, ya tafi gabansa yana faɗuwa. Sai ya tarar da wani tsoho mai tumbi, ana ce masa Mas'udu, zaune a kujera a inuwa, ƙafa ɗaya a miƙe, sandar dogarawa a jingine. Da Hausa yake koyarwa, yana da wani saurayi da ke faɗuwa a madadinsa. Munkaila ya ce bai san lokacin da dariya ta suɓuce masa ba. Tsohon ya tambaye shi dalili, ya kwashe labarin kafaɗarsa da fargabar da ya zo da ita ya gaya masa.

"Ɗana," in ji tsohon, "rabona da in hwaɗi ƙasa da gangan tun ba a haihi wannan ba." Ya nuna saurayin. "Zamna. Mi kaz zo nema?"

Ya gaya masa abin da ya faru a Badagishiri. Tsohon ya sa saurayin ya nuna a hankali: ba da kai ake shiga ba, da gefe ake kwanciya, a gicciye jiki gaba ɗaya, hannaye su riga zuwa, kai ya laɓe a bayansu, gwiwar sama a naɗe ta kare ciki. Munkaila ya sa aka maimaita, ya sa aka sake, ya zagaya ya duba ta baya, har sauran suka fara gunaguni. Tsohon ya ce a ƙyale shi. Ya koyo wasu abubuwan da dama, amma wannan ya je nema. A hanyar dawowa barci ya kwashe shi tun daga bakin Tawa, bai san an wuce Badagishiri ba, sai da karen mota ya girgiza shi a tashar Ƙonni.

Tanimun aka fara koya wa, bayan majo ya ba da izini. Ranar da zai sake fita ya tari mutum, ya ɗan yi turus, Munkaila bai matsa masa ba. Ya sa na riƙa tahowa da ƙwallo a tafe, ba gudu, yana kwanciya yana ɗaukewa, har jikinsa ya sake. Kafin damina ta faɗi ya koma yadda yake, sai dai yanzu kansa a ɓoye.

Cikin shekarun casa'in, in ka je wasan yara a Ƙonni ko Malbaza ko Dogarawa ka ga gola yana karɓar ƙwallo da laushi yana ja zuwa ƙirji, da wuya in ba ta hannun Munkaila ya bi ba, ko ta hannun wanda ya koya a wurinsa. Ba wanda ya yi suna a cikinsu har a ji shi a rediyo. Tanimun ya tsare wa matasan gari gida na 'yan shekaru, sannan ya bi ubansa fataucin shanu. Munkaila yana nan da aikin gininsa, la'asar kuma yana bayan lakwal.

Rannan na bi ta wurin, na tarar da wata mata ta jawo ɗanta da hannu har bakin fili. Ta gaishe da Munkaila ta tura yaron gaba.

"Ga shi nan, Malam. Ya ishe ni da tsalle bisa gado, jiya ya karya mini ƙahwa guda. An ce nan aka hwaɗuwa ba a karya komi."

Munkaila ya dubi yaron, ya tambayi sunansa, ya ce ya cire takalmi ya bi layi. Sannan ya juyo ya ce mini in na gama tsayuwa in zo in buga musu, tunda dai na zo.